Baƙin Ƙyalle a Hoton Amarya

Ni na fara gani. Duk wanda ya ce maka ya riga ni gane abin da ke tsakanin Ralitsa da Momchil a garin Lukovit, ƙarya yake yi, ko da limamin cocinmu ne. Uwarta sai da wata uku suka wuce ta farga. Ubanta kuwa sai da aka zaunar da shi aka faɗa masa. Ni Valcho, da ban taɓa zama a bencin makaranta ba, cikin kwana huɗu na gano su.

Shekarata tamanin da huɗu. Ramin kwal ya rufta da ni a Pernik, na fito da ƙafata. Likitoci biyu sun yanka cikina, kowanne ya ce ba zan ga bazara ba, kuma dukansu ni na kafa takardar rasuwarsu a jikin bishiya. Aikina ke nan yanzu. Shagon hoton Bai Stamen, wato Malam Stamen a bakinmu, yana buga takardun rasuwa, ni kuma in zaga gari da ƙusa da guduma in kafa su a ƙofofi da bishiyoyi da allon bakin coci. Ta ranar rasuwa, ta arba'in, ta wata shida, ta shekara. Ban iya karanta abin da ke jiki ba, amma ban taɓa kai fuskar wani ƙofar wani ba.

Ralitsa 'yar Bai Stamen ce tilo, shekararta ashirin da takwas, ita ke zuwa gidajen biki da kyamara. Momchil kuwa yana ɗakin baya gaban kwamfuta. An ɗauke shi ne don takardun rasuwa, daga baya duk gyaran hoton shagon ya koma hannunsa.

Yadda na gane su? Tun tana ƙarama, idan Ralitsa ta yanka banitsa, burodin nan namu mai cuku, da safe, gefen nan da ya ƙone ya yi ƙamas ni take miƙa wa. Wata safiya na miƙa hannu, sai na ga gefen ya wuce ni ya shiga ɗakin baya. Washegari ma haka. Na ci tsakiya mai laushi ina dariya a raina.

Ranar da uwarta Tsonka ta farga, har masu jiran mota a tsallaken titi sun ji.

"Mai yi wa gawa kwalliya? Ubansa ya haƙa kabarin rabin garin nan, shi kuma yana zaune yana shafa wa matattu hoda a kwamfuta. Da wannan hannun zai ɗauki jikokina?"

"Mamo, da wannan hannun ya gyara hotonki na fasfo, kika ce ya rage miki shekara goma."

"Rufe mini baki. Ga Lachezar nan, ɗan masu otal, kullum yana aiko da furanni kina zuba su a bokitin wanke-wanke."

Lachezar ɗin nan, otal ɗin ubansa ne a bakin kogi, inda ake duk wani biki mai suna a garin. Yaro ne mai mota da sarƙar wuya, idan ya shigo shago turarensa sai ya wuni yana sa ni atishawa.

Bai Stamen bai yi ihu ba. Mutum ne da ya yi shekara arba'in yana wankin hoto da hannu a ɗaki mai duhu, kuma babban abin alfaharinsa shi ne bai taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba. Ya dubi 'yarsa ya ce, "Yaron ma'aikaci ne, ban ce ba. Amma ba zan sa albarka ba."

Ralitsa ta ce ba za ta yi aure ba sai da albarkarsa. Momchil ya ce shi ba zai ɗauke 'yar mutum ta taga ba. Haka suka zauna wata takwas a shago ɗaya, labule ɗaya tsakaninsu, tana ramewa yana ramewa.

Yanzu bari in gaya maka yadda aikin yake, don na san shi fiye da wasu masu takardar shaida.

Momchil ya nuna mini da kansa. A gefen manhajar gyaran hoton akwai wata 'yar taga, a ƙasanta jan ɗigo. Idan ya danna jan ɗigon, injin ya zuba wa hannunsa ido ke nan. Duk abin da ya yi wa hoton, ƙarin haske ne, yanke gefe ne, sa tambarin shago ne, sai injin ya rubuta shi a layi ɗaya, na gaba a ƙarƙashinsa. In ya gama ya danna tsayawa. Daga nan sai ya saki jerin a kan hoto ɗari biyar, injin ya maimaita musu duka, shi kuma ya je ya sha kofi.

"Kamar ka bi da jaki hanyar gona sau ɗaya ne, Dyado," in ji shi, don kaka suke kirana. "Gobe da kansa zai je. Amma in ka tsaya fitsari a hanya, shi ma kullum a nan zai tsaya."

Yana da jeri na biki, da na fasfo, da na mamata. Yana iya ɗaga mataki sama, ya sauke wani ƙasa, ko ya cire masa 'yar alamar da ke gefe injin ya tsallake shi. Kuma yana da doka guda da yake maimaitawa kamar addu'a: kafin ka saki jeri a kan hotuna da yawa, gwada shi a kan guda ɗaya ka duba da idonka.

Ƙanwar Lachezar, Bilyana, ta yi aure a otal ɗinsu. Ralitsa ta ɗauki hoto ɗari huɗu da sha biyu. Fitilun zauren rawaya ne, sun mai da kowa kamar mai ciwon shawara, don haka tsohon jerin biki bai yi ba, sai an naɗi sabo. Dangin ango daga Spain suka zo, ranar Lahadi za su koma, kuma Lachezar ya yi alkawarin za a raba hotuna a liyafar ranar Asabar.

Ranar Laraba da tsakar rana Momchil ya danna jan ɗigo ya soma. Ya yi mataki uku ke nan, sai ga wata mata ta shigo tana kuka, mijinta ya rasu da asuba, ba ta da hotonsa sai wanda ke manne a bango. Momchil ya miƙe ya bi ta. Bai danna tsayawa ba.

Ralitsa tana makaranta tana ɗaukar hoton 'yan aji. Ni kuwa ina kwance a benci bayan labulen nan mai zanen teku, wanda ake tsayar da yara a gabansa, ina hutar da gwiwata.

Sai na ji an murza makulli daga ciki.

Na leƙa ta ɓular labule. Bai Stamen ne. Ya duba hagu, ya duba dama, ya zaro wani tsohon hoto daga aljihun ƙirji, ya kifa shi a gilashin injin kwafi. Sannan mutumin da ya rantse bai taɓa taɓa kwamfuta ba ya ja kujera ya zauna a gabanta.

Da fuskar ta fito a allo na gane ta. Gavril ne, ƙanensa. Shekara talatin da ɗaya da suka wuce Gavril ya ce zai auri wata mai waƙa a gidan abinci. Ubansu ya hana albarka, Stamen kuma shi ya rufe masa ƙofa a fuska. Gavril ya ɗauki matarsa ya tafi Varna, bai sake taka Lukovit ba. Can ya rasu, kuma Asabar ɗin nan arba'in ɗinsa. A gidan Stamen ko sunansa ba a kira.

Da yatsa ɗaya ya yi aikin. Ashe duk zaman da yake yi yana juya baya, da gefen ido yake koyo. Ya cire launi. Ya ƙara haske ya yi yawa, ya rage ya yi duhu, ya sake ƙarawa yana zagin injin da uwar wanda ya ƙera shi. Ya nemo baƙin ƙyallen nan da ake ɗorawa a kusurwar hoton mamaci, ya ja shi nan, ya ja shi can, har ya zauna. Ya buga takarda ɗaya.

Ya riƙe ta yana kallo, kafaɗarsa tana rawa. Na ji ya ce, "Gavrile, ka yi ƙiba a nan." Ya ninke ta ya sa a aljihu, ya rufe hoton, ya goge kujera da hannun riga, ya fita.

Ni na ga mazaje suna kuka a ƙarƙashin ƙasa. Na san irin kukan da ba a ba da labarinsa. Na ja bakina.

Da Momchil ya dawo, Lachezar ne a bayansa.

"Malam mai gawa, rayayyu ma suna jira. Injin wankin hoto na garin Pleven ƙarfe uku yake rufe karɓar aiki."

Momchil ya zauna. 'Yar tagar jerin a matse take, layi biyu uku kawai take nunawa. Ya ga jan ɗigo yana nan, ya ɗora daga inda ya tsaya, ya ƙara mataki huɗu, ya danna tsayawa. Hannunsa ya nufi hoto guda don gwaji.

"Gwajin me kuma? Ko ba ka yarda da hannunka ba ne? Sake shi ka fito, ina da magana da kai."

Ya saki. Suka fita bakin titi, ni ma na bi su, don ban ga dalilin da za a yi magana a gaban shagonmu ban ji ba.

"Ranar Asabar uwata da Lelya Tsonka za su yi maganar ni da Ralitsa a gaban dangi," in ji Lachezar, har ya soma kiran Tsonka gwaggo. "Na ga ya kamata ka ji daga bakina."

"Ita ta sani?"

"Za ta sani. Kai dai ka gyara mana hotunan bikin da kyau. Ba ƙyalle."

Momchil ya koma ciki idonsa ja. Injin ya gama. Bai buɗe ko ɗaya ba ya tura su Pleven, inda inji ke wankewa ya naɗe ya rufe da kansa.

Ranar Asabar ina teburin ƙarshe, kusa da ƙofar kicin, inda nama ke fara biyowa. Bai Stamen ya zo a makare, takalminsa duk taɓon ƙauye. Na san inda ya je, na san bishiyar da ke ƙofar tsohon gidansu ta sami takardar Gavril.

Lachezar da kansa ya karɓo kwalin daga direban motar Pleven. Ya buga cokali a kofi, ya yanke igiya, ya miƙa wa amarya na farko.

Bilyana ta duba. Murmushinta ya tsaya a inda yake.

Ta ɗauki na biyu, ta ɗauki na uku. Ta zube kwalin a kan tebur.

Amarya a cikin farin mayafinta, ba launi, baƙin ƙyalle a kusurwa. Ango haka. Yara masu riƙe da kyandir haka. Ɗari huɗu da sha biyu, duka an yi musu shigar mutuwa.

Kakar ango ta yi alamar gicciye, ta tofa sau uku a cikin wuyan rigarta. Amarya ta fashe da kuka tana cewa tana da ciki, wata biyu, ba wanda ya sani, yanzu ga abin da aka yi wa ɗanta. Mata suka yi kanta.

Tsonka ta miƙe tsaye. "Na faɗa. Na faɗa muku hannun yaron nan na kabari ne, kuka ce tsufa ke damuna."

Na dubi Bai Stamen. Fuskarsa ta koma kamar takardar da ba a buga komai a kai ba.

Muka ɗunguma zuwa shago, Lachezar a gaba. Momchil yana zaune yana aiki. Aka watsa masa hotunan a cinya.

Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya ja bakin 'yar tagar ya buɗe ta har ƙasa, ya bi layukan da ido. A wani layi ya tsaya. Ya ɗago ya dubi Bai Stamen, Bai Stamen ya dubi bango.

Momchil ya mai da tagar yadda take.

"Laifina ne, Bai Stamen."

"Da gangan ya yi," in ji Lachezar. "Don na gaya masa maganar Ralitsa."

"Stamen, ka yi magana mana," in ji Tsonka.

Bai Stamen ya buɗe baki, muryarsa kamar ta wani. "Ka ajiye makulli."

Yaron ya ajiye.

Ranar Lahadi bayan coci na same su a bencin da ke bayan tashar mota. Na zauna a ɗaya gefen ina gyara igiyar takalmi. Ba su kore ni ba, sun san ba zan tashi ba.

"Ka dube ni ka ce kai ka yi," in ji Ralitsa. Hawaye har sun jiƙa mata wuyan riga.

"Ban gwada a hoto ɗaya ba, Rali. Na bar jan ɗigo a kunne na fita. Waɗannan biyun nawa ne."

"Ƙyallen fa? Kai da ko sunan jerin mamata ba ka yarda ya zauna kusa da na biki?"

Ya kau da kai, ta ci gaba.

"Wata takwas ina jira. Na ƙi bin ka ta taga don kai ka ce mu bi ta ƙofa. Yanzu ka buɗe baki ka ce ba kai ba ne, shi ne ya gagare ka?"

"In na faɗa, wani zai faɗi ƙasa a gaban mutane. In ya faɗi, ke ma ba za ki yafe mini ba."

"Wa?"

"Gobe ƙarfe tara zan shiga motar Sofiya. Akwai wani shago da ke neman mai gyara."

"To ni fa? In zauna in auri turare?"

Ya kama hannunta ya riƙe, ya saki, ya tafi. Ta kifa kai a gwiwa tana kuka kamar wadda aka yi wa rasuwa.

Na bar ta ta yi mai isarta. Sannan na ce, "'Yata, makullin shago yana jakarki?"

Da ta kunna kwamfuta na ce ta buɗe mini tagar nan har ƙasa. Karatu ban iya ba, amma tumaki ɗari uku na kiwata ina ɗan shekara tara, ko ɗaya bai ɓata ba. Na bi layukan da farce.

"Ashirin da uku. Jerin bikin yaron nan bai taɓa wuce bakwai ba."

Ta share ido ta soma karantawa. "Gyara launi, rage rawaya, yanke gefe. Waɗannan nasa ne. Sai kuma, buɗe hoto. Cire launi. Ƙara haske. Rage haske. Ƙara haske. Rage. Ɗora ƙyalle. Matsar da shi. Matsar da shi. Matsar da shi. Dyado, wannan ba hannun Momchil ba ne. Wannan wanda ya yi bai san inda hannunsa yake ba."

"Hoton da aka buɗe, yana da suna?"

Ta danna layin. Ta karanta a hankali. "Gavril."

Ta juyo ta dube ni. Na ba ta labarin ranar Laraba tun daga murza makulli.

"Jan ɗigon yana kunne," in ji ta. "Duk abin da Tate, babana, ya yi injin ya naɗe. Da aka saki jerin a kan hotuna da yawa, sai ya tsallake buɗewa da rufewa, ya yi wa amarya abin da aka yi wa baffana, Chicho Gavril."

"Ni ma haka na lissafa," na ce. Kuma da an ba ni kwana ɗaya da na lissafa.

Ta miƙe za ta fita da gudu. Na tare ƙofa da sandata.

"In kika je gida yanzu kika yi masa ihu, zai kafe har kabari. Na san irinsu, ubansa ma haka yake. Ki kawo shi nan gobe da safe, ki sa shi gaban aikin hannunsa."

Litinin ƙarfe takwas da kwata ta shigo da shi, Tsonka tana biye tana tambayar me ake ɓoye mata.

"Tate, zauna."

"Ni ba na zama gaban wannan abin."

"To tsaya."

Ta karanta masa layukan ɗaya bayan ɗaya, ba ta ɗaga murya ba. Da ta zo kan sunan sai ta matsa gefe don ya gani da idonsa.

"Wane Gavril?" in ji Tsonka. "Stamen ko kunna wannan abin bai iya ba."

"Haka ne," in ji shi. "Ban taɓa..."

"Stamen," na ce, "ina bayan teku."

Ya juyo. Ya dubi labulen, ya dubi bencin, ya dube ni. Na girme shi da shekara goma sha takwas, na ɗauke shi a kafaɗa ranar da aka yi masa baftisma. Bai iya riƙe idona ba. Sai ga shi ya zauna a kujerar da ya ce ba ya zama.

"Arba'in ɗinsa ne," ya ce. "Ko takarda ɗaya babu a garin da aka haife shi. Kamar kare ya mutu."

Tsonka ta dafe baki.

"Momchil ya gani, Tate. Ranar Asabar a gabanka ya karanta sunan. Ya rufe tagar ya ce shi ne."

"Na san ya gani."

"Ka sani ka karɓi makulli?"

"Me zan ce? A gaban masu otal in ce ni na sa wa 'yarsu ƙyalle? In ce na rufe wa ƙanena ƙofa shekara talatin da ɗaya, sannan na shigo shagona kamar ɓarawo ina yi masa kuka?"

Ralitsa ta durƙusa gabansa ta dafa gwiwarsa. Hawayenta suna zuba amma muryarta ba ta rawa.

"Tate, ni ba zan gudu ba. Ba zan shiga motar nan ba, ba zan yi aure ba da albarkarka ba. Lachezar ma ba zan aure shi ba, Mamo ki ji da kyau. Zan zauna a nan in ɗauki hoton bikin 'ya'yan mutane har gashina ya yi fari. Amma ka gaya mini, wa kake so ya zauna a kujerar nan wata rana, ya kulle ƙofa yana kuka? Ni ko kai?"

Agogon bango ya nuna tara saura minti goma sha biyu.

"Hannunsa dai..." Tsonka ta fara.

"Hannuna ne, Tsonka," in ji Bai Stamen. "Nawa ne ya sa ƙyallen."

Ya miƙe. Bai ɗauki hula ba, bai ɗauki kwat ba. Mutum mai shekara sittin da shida da ciwon ƙugu ya fita yana sassarfa a titi da silifas na cikin shago. Na bi shi, kuma a bakin gada na wuce shi, duk wanda ke sayar da kabewa a wurin ya gani.

Direba ya riga ya rufe ma'ajiyar kaya. Na sa sandata a ƙofar motar na ce ba inda za ta. Momchil yana kujerar taga. Bai Stamen ya iso yana haki, ya ƙwanƙwasa gilashin.

Yaron ya sauko.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ba nawa ba ne da zan faɗa, Bai Stamen."

"Wawa. Da ka tafi fa?"

"Da na tafi."

Bai Stamen ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya miƙa masa bayan hannunsa. Momchil ya sunkuya ya sumbace shi, shi kuma ya dafa kan yaron ya sa albarka a gaban direba da fasinja da matar da ke sayar da tikiti.

"Ka zo gida ranar Lahadi da ubanka. Ku shigo ta ƙofa. Yanzu kuma ɗauko jakarka, akwai hoto ɗari huɗu da sha biyu da ke jiranka."

Da yamma ya sa kwat ɗinsa na coci ya tafi otal shi kaɗai, ya tsaya gaban Bilyana da kakar ango ya faɗa musu wanda ya yi da dalilin da ya sa. Tsohuwar ta ce in dai ƙyallen na wani mamaci ne da ya ɓace hanya, to ba na amarya ba ne, ta sa aka ƙona hotunan a bayan kicin. Lachezar ya daina aiko da furanni. Tsonka ta yi kwana tara ba ta yi wa kowa magana ba, a na goma ta tambayi Ralitsa ko yaron yana cin barkono.

Gyaran kuwa a gabana aka yi. Momchil ya ɗora linzamin kwamfuta a kan mataki na huɗu zai share, Bai Stamen ya riƙe masa hannu.

"Dole sai an share?"

"A'a. In na cire musu alama, injin zai tsallake su."

"To cire alamar. Bar su a wurin."

Ya cire alama goma sha shida, ɗaya bayan ɗaya. Ya gwada a kan hoto guda, ya kira mu duka muka duba. Bilyana ta fito da kumatunta ja, mayafinta fari tas. Sannan ya saki.

Na san akwai masu cewa Valcho ya tsufa, yana ƙara gishiri. To shagon yana nan a titin kasuwa, daura da mai burodi. Ka shiga ka ce Momchil ya buɗe maka jerin bikin Bilyana, ka ce ya ja tagar har ƙasa. Ka ƙirga da yatsanka. In ba ka samu layi ashirin da uku ba, bakwai da alama, sha shida babu, ka zo ka same ni a benci, zan ba ka gudumata da ƙusa ka kafa tawa takardar a duk bishiyar da ka ga dama.